Cizon shekaranjiya ne ko na bikin Rigasa?

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu ilimin lafiya ku raba mana gardama ni da maigida. Hassan ya tashi da zazzaɓi yau da asuba, jiki rau kamar garwashi, ko koko ya ƙi karɓa. Shekaranjiya da daddare aka ɗauke wuta, zafi ya ishe mu, na ɗage gidan sauron suka kwana haka. Tun safe Babansu ke ta faɗa wai ni na jawo. Ni kuwa na ce ai ba a kwana biyu da cizo zazzaɓi ya fito. Wa ke da gaskiya?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Sannu Maman 'Yan Biyu, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya. Kafin a raba gardama, ki zura hijabi ki kai shi a duba jininsa. Yaro ɗan shekara uku ba a zama da zazzaɓinsa ana jiran yamma. In kun dawo a yi shari'ar. Amma a taƙaice, in dai maleriya ce, ba cizon shekaranjiya ba ne. Tuna min, ina kuka kwana kamar kwana goma zuwa sati biyu da suka wuce?

Maman 'Yan Biyu: Muna hanya ma Anti, a keke nake rubutun nan. Kwana goma sha biyu da suka wuce... ai bikin ƙanwarsa ne a Rigasa! Kwana uku muka yi, ɗakuna sun cika, mu da yara a tsakar gida kan tabarma, ga kwata a bakin ƙofa. Shi da bakinsa ya ce kar na ɗauki gidan sauro, wai za a ce ina iyayi a gidan surukai.

Uwar Ɗakin Kawo: Hahaha! Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. A turo mana shi zauren nan ya kare kansa.

Ɗan Lab: Allah ya ƙara sauƙi. Anti ta faɗi gaskiya, amma bari na ɗan buɗe zancen, don wannan tambayar kusan kullum sai an yi min ita a wurin aiki. Mutum zai zo ya ce jiya sauro ya cinye shi, yau ga zazzaɓi. Ba haka take tafiya ba. Irin ƙwayar cutar maleriya da ta fi addabarmu a nan, wadda ake kira falsifarum, ba ta nuna alama kafin kwana bakwai, yawanci ma sai kwana tara zuwa sha huɗu. Abin tambaya shi ne, duk kwanakin nan ina take, kuma me ya hana garkuwar jiki ta gan ta?

Macen sauro ce ke cizo, jinsin anofilis. In ta soka bakinta sai ta fara tofa yawu, don a yawun akwai sinadarin da ke hana jini daskarewa. A cikin yawun nan ƙwayoyin suke, sirara kamar zare, ana ce musu sifurozoyit. Ba su da yawa, 'yan goma-goma ne, wani lokaci ɗari da wani abu. Kuma ba a jijiya take zuba mafi yawansu ba, a cikin fata ne. Daga nan su yi ta silalewa suna neman ƙaramar jijiyar jini. Wasu su maƙale a fatar su mutu, wasu su ɓace hanya su faɗa kaluluwa a cinye su. Waɗanda suka dace da jijiya, jini ya kwashe su sai hanta. Duk wannan daga 'yan mintuna ne zuwa 'yan awanni. Kafin sojojin jiki su farga an shigo, baƙon ya riga ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Mai Kemis: To me ya sa hanta? Ga zuciya ga ƙoda ga huhu.

Ɗan Lab: Yallaɓai tambayarka ta yi. Hanta wuri ne mai abinci, ga kitse ga sukari, kuma wuri ne mai haƙuri. Duk abin da muka ci, in hanji ya tsotse, ta hanta yake fara bi. Da a ce garkuwar da ke hanta mai saurin fushi ce, da duk tuwon da ka ci sai an yi yaƙi. Don haka aka halicce ta da kawaici, ƙwayar kuma ta ci moriyar wannan kawaicin. Akwai masu gadi a bakin hanyoyin jinin hanta, manyan ƙwayoyi masu haɗiye duk baƙon da suka gani. Ita wannan takan ratsa ta cikin mai gadin kansa ta fita ta ɗaya gefen. Sai ta huda ƙwayar hanta ta farko ta wuce, ta huda ta biyu ta wuce, har ta samu wadda ta yi mata. In za ta zauna, sai ta ja fatar ƙwayar hantar ta lulluɓe kanta da ita, ta yi ɗaki a cikin ɗaki. A nan take kwana shida zuwa bakwai tana hayayyafa. Guda ɗaya tal takan zama dubu goma-goma. Mai jikin kuwa yana cin abincinsa, yana wasansa, ba ciwon kai ba komai. Ko ka kawo min jininsa a ranakun nan na shafa a gilashi na leƙa madubi, ba abin da zan gani.

Ɗalibar Kimiyya: Yaya Ɗan Lab, bari na ƙara wani abu da ya ba ni mamaki a aji. Akwai fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne su nemo ƙwayar jiki da cuta ta shiga su kashe ta. Suna iya kashe ƙwayar hantar da maleriya ke ciki. Matsalar lokaci ce. A karon farko sai sun yi kamar sati ko fiye kafin su gane abokin gaba, su yawaita, su fito aiki. Ita kuma sati ɗin kawai take buƙata. Ranar da suka iso da shirinsu, ta riga ta kwashe kayanta. Ga shi kuma ƙwayoyin hantar da ta shiga ba su fi a ƙirga da yatsu ba a cikin biliyoyi. Ka ce neman allura a cikin ruwa.

Fitarta ma abin kallo ne. Ba fashewa take yi ta watsu a hanta ba, don ta san masu gadin nan na bakin hanya. Sai ta ƙulle 'ya'yanta ƙunshi-ƙunshi cikin fatar ƙwayar hantar da ta cinye, ƙunshin ya bi jini ya wuce ta gaban masu gadi, su kuma su ga fatar ɗan gida ce su ƙyale. Sai ya yi nisa yake fashewa. A 2006 aka bayyana wannan, a jikin ɓeraye aka gani.

Uwar Ɗakin Kawo: Kura da fatar akuya kenan. Innalillahi. Wannan ba cuta ba ce, ɗan damfara ne.

Ɗan Lab: Hajiya ai shi ya sa aka daɗe ba a san da zaman hantar ba. Tun 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar a jinin majiyyaci a Aljeriya. A 1897 Ronald Ross ya gan ta a cikin sauro a Indiya. Amma inda take ɓacewa tsakanin cizo da zazzaɓi, sai 1948 aka gano hanta ce. Shekara hamsin masana na nema. To in ta ɓace wa masu madubi shekara hamsin, ina ga Baban 'Yan Biyu.

Kawu Na Tudun Wada: Na karanta duka. Ilimi ne, ban musa ba. Amma ni ina da magana, kuma na san ba za ta yi wa 'yan boko daɗi ba. Mu da muka tashi a Tudun Wada ba mu san wani gidan sauro ba. Damina ta zo mu kwana a zaure, sauro ya ci rabonsa. In zazzaɓi ya zo a dafa ganyen darbejiya a yi surace, a sha, gobe ka tafi makarantar allo. Ga ni yau na haura sittin, sai na shekara ban kwanta ba. Yaran yanzu kun rufe su a gidan sauro, kun hana jininsu sabawa, shi ya sa cizo ɗaya sai asibiti. Ku bar yara su saba.

Mai Kemis: Kawu ni dai abin da na gani a shago, manya sukan zo da ƙafarsu su sayi magani su tafi kasuwa. Yara ne ake kawowa a saɓe. To akwai ƙamshin gaskiya a zancen sabo.

Anti Nas: Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ba raini ba, ina da tambaya ɗaya. Su Inna 'ya'ya nawa suka haifa, kuma ku nawa kuka girma?

Kawu Na Tudun Wada: Goma sha ɗaya ta haifa. Mu shida muka girma. Biyu ban ma san su ba. Ɗaya ina tunawa, ƙanwata ce mai bi na, da damina ne, zazzaɓi kwana uku sai jijjiga, idanu suka kafe. Aka ce iska ce, aka yi ta turare. Allah ya jiƙan su.

Anti Nas: Amin Kawu, Allah ya sa masu ceto ne. Ba zan ce duk maleriya ce ta ɗauke su ba, akwai ƙyanda akwai gudawa a lokacin. Amma wadda ka kwatanta, zazzaɓin damina da jijjiga da kafewar ido, irinta nake gani a ɗakin yara duk watan Agusta da Satumba. Sabon da kake magana gaskiya ne akwai shi. Kuɗinsa ne ke da tsada, kuma yara ne ke biya. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023, mutum miliyan 263 suka kamu a duniya, kusan dubu 597 suka rasu. Najeriya kaɗai ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa, da kusan kashi 31 cikin ɗari na mace-macen. A Afirka, kusan uku cikin kowane huɗu da suka rasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Waɗanda suka tsallake su ne ke zama su ce mu ba abin da ya same mu.

Kawu Na Tudun Wada: To na ji. Amma ku ba ni amsa. Ƙyanda sau ɗaya take kama yaro, shi ke nan har abada. Me ya sa ita wannan sai an yi ta yi ana maimaitawa kafin jiki ya saba? Ko dai garkuwar ce ba ta da wayo?

Ɗan Lab: Kawu ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Garkuwa na da wayo, abokin karawar ne ya fi ta yawan riguna.

Mu koma inda muka tsaya. Ƙunshin nan ya fashe, dubban 'ya'ya sun zubo cikin jini. A nan ne kaɗai suke tsirara, kuma ba sa daɗewa. Kowanne ya kama jar ƙwayar jini ya shige, shigar ba ta kai minti ɗaya ba. Wasu ma kafin su shiga sukan yafa wani furotin na jinin mutum, wanda aikinsa shi ne ya ce wa sinadaran yaƙi wannan namu ne kar a taɓa. To me ya sa jar ƙwayar jini? Kusan kowace ƙwaya a jikin mutum tana da wata hanya ta kai ƙara. In cuta ta shige ta, sai ta ɗauki ɗan guntun cutar ta kafa a bayanta kamar tuta, sojoji su gani su zo. Jar ƙwayar jini da ta balaga ba ta da wannan tutar, ba ta ma da cibiyar nan mai ɗauke da ƙwayoyin gado. Jaka ce kawai cike da abin da ke ɗaukar iska. Gida ne ba maigida, ba waya. Ɓarawo ya shiga ya zauna ya ci abin da ke ciki, bayan awa 48 ya fasa ya fito ya zama sha shida, ashirin, har talatin. A jikin wanda bai saba ba, duk kwana biyu adadin na ninkuwa kamar sau goma. Sai sun kai miliyoyi, dattin da suke zubarwa in sun fasa ya yi yawa, sannan jiki ke ɗaukar zafi. Zazzaɓin da uwa ke ji a goshin yaro ihu ne bayan hari.

Amma akwai wuri ɗaya da take tsoro: saifa. Saifa rariya ce. Duk jar ƙwaya sai ta matse ta bi ta wasu 'yan ƙananan ramuka, wadda ta tsufa ko ta yi tauri a tsame ta. Wadda ke ɗauke da cuta takan yi tauri, in ta je saifa ta ƙare. Don haka sai ƙwayar ta ƙera wani furotin mai danƙo, sunansa PfEMP1, ta tura shi bayan jar ƙwayar, ta manne a bangon ƙananan jijiyoyi ta ƙi tafiya. Shi ya sa in na leƙa madubi, mafi yawa ƙananan nake gani masu kamar zobe. Manyan sun manne can ciki. In mannewar ta yi yawa a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, shi ne jijjiga da suma, irin na ƙanwarka Kawu.

Ɗalibar Kimiyya: Kuma a nan ne rigunan suke. Danƙon nan da ta fitar waje shi ne ya tona mata asiri, don yanzu garkuwa na da abin gani. Sai jiki ya yi kwanaki yana ƙera makamin da ya dace da shi daidai. To ita ƙwayar tana da ƙwayoyin gado kusan sittin na ƙera danƙon nan, kowanne da kamanninsa, kuma ɗaya take sakawa a lokaci guda, sauran na ninke a akwati. A cikin miliyoyin nan kullum akwai 'yan kaɗan da suka canza riga. Makami ya iso ya share masu tsohuwar riga, masu sabuwa su hayayyafa, a koma farko. A 1995 aka gano waɗannan ƙwayoyin gadon. Abin haushin, sittin ɗin da ke jikin wadda sauron Rigasa ya kawo ba lallai su zama irin na wadda sauron Malali zai kawo ba, don a cikin sauro suna aure suna cakuɗa rigunan. Ƙyanda riga ɗaya gare ta Kawu, ka gan ta sau ɗaya ka gane ta har tsufa.

Baban Yusra: Wannan dabarar ba maleriya kaɗai ke yin ta ba. Ƙwayar sammore da ƙudan tsando ke saka wa shanu, da 'yar uwarta mai kawo ciwon barci ga mutane, su ma canza riga suke yi, nasu rigunan ma sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ga cibiyar binciken cutar nan a cikin garin Kaduna shekara da shekaru. Har yau babu allurar rigakafinta, dalilin kenan.

Ɗan Lab: Haka ne yallaɓai. To Kawu, abin da ka samu a shekara sittin shi ne ka ga riguna da yawa. Jikinka na da kundin kamanninsu, musamman miyagun masu manne wa ƙwaƙwalwa. An tabbatar da haka tun 1961 a Gambiya: aka tace sinadaran kariya daga jinin manya aka saka wa yara masu maleriya, ƙwayar ta ragu ƙwarai a jininsu. Amma ka lura, ba hana ta shiga kake yi ba. In na ɗebi jinin magidanta goma a majalisarku da damina, ba zan yi mamaki ba in na samu ƙwayar a jikin wasu da ke ta shan shayi suna musun siyasa lafiya lau. Sulhu ne kuka yi, ba nasara ba. Kuma sauron da ya cije ka ya wuce kan jikanka, daga wurinka ya yi guzuri.

Kawu Na Tudun Wada: Wato ni ne ma rumbun. To, Allah ya kyauta.

Injiniya: Ni shaida ne kan sulhun nan. A Kabala aka haife ni, bakin kogi, sauro abokin wasanmu ne. Na yi shekara takwas a Ingila, na dawo hutu da damina ina cika baki wai ni ɗan gida ne, ko maganin kariya ban sha ba. Kwana sha ɗaya da sauka sai ga ni a gadon asibiti ana min allura ta jijiya, fitsarina kamar shayi ba madara. Likitan ya ce garkuwar nan in ba a sabunta ta da cizo, tana sanyi. Tsohuwata ta ce ai Turawa sun tsotse min jini.

Amaryar Malali: Anti don Allah ni tawa tambayar daban ce. Ina da ciki wata biyar, na fari. A wurin awo aka ba ni ƙwayoyi uku na haɗiye a gabansu, wai na maleriya, alhali lafiyata ƙalau. Kishiyar yayata ta ce kar na ƙara sha, wai yawan magani na ɓata ciki.

Anti Nas: Ƙanwata ki ci gaba da sha, kar ki saurari kowa. Dalilin yana cikin zancen rigunan nan. A cikin sittin ɗin akwai guda ɗaya ta musamman da ba ta manne wa ko'ina sai mabiyiya. Namiji da wuya ya haɗu da ita, budurwa ma haka. Don haka duk sabon da kika tara tun yarinta, wannan rigar baƙuwa ce a jikinki, kuma cikin fari ne ya fi shan wahalarta. Ƙwayar na iya cika mabiyiya ke ba zazzaɓi, a duba jinin yatsa ma a ce babu, amma jininki na raguwa, jariri na ƙin girma. Shi ya sa ake ba da maganin nan daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. A ciki na biyu da na uku jiki ya fara gane ta, amma ko su ba a daina ba su.

Mai Kemis: Tunda ana tone-tone, ni ma na faɗi tawa. Mutane na saye rabin kati su ce in sun ji sauƙi ya isa. Maganin maleriyar nan mai haɗi biyu, wato artemether-lumefantrine, sau shida ake sha cikin kwana uku, kuma da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Jin sauƙi a rana ta biyu ba ya nufin ta ƙare, raguwa ta yi ƙasa da inda ke tada zazzaɓi. Bayan sati biyu ta dawo a ce maganin jabu ne, ko a ce taifod. Sai dai ina da tambaya ga Ɗan Lab. Wani ya sha ya gama, ya dawo na gwada jininsa da ɗan katin gwajin maleriyar nan, layi biyu suka fito. Na sake ba shi?

Ɗan Lab: A'a, kar ka yi saurin haka. Katin ba ƙwayar yake gani ba, wani furotin nata yake kamawa, shi kuma yakan yi makonni a jini bayan ta mutu. In mutum ya warware, layi biyu ba hujja ba ce. In har yanzu yana zazzaɓi, turo shi a duba a madubi.

Uwar Ɗakin Kawo: Ni abin da ban gane ba, da rani ai sauro na ɗaukewa. Watan Maris ko ɗaya ba ka ji a wasu unguwannin. To daga ina cutar ke fitowa in ruwa ya sauka?

Ɗalibar Kimiyya: Daga jikinmu Hajiya. Akwai irin maleriya da ke barin iri ya yi barci a hanta watanni, amma falsifarum ba ta yin haka. A jini take laɓewa, kaɗan-kaɗan, ba ta kai yawan da za ta tada zazzaɓi ba. Wani bincike da aka yi a Mali, aka buga a 2020, ya nuna da rani ba ta manne wa jijiya sosai kamar da damina, sai saifa ta riƙa tsame mafi yawa, ragowar su ci gaba shiru har sauro ya dawo. Kamar mai shago ne da ke barin 'yan kaya kaɗan a kanta don kar a ce ya tashi. An ga irin taurin kan nan a gida ma. A Garki ta Jigawa, lokacin tana jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnati sun yi babban aiki daga 1969 zuwa 1976, ana feshi a ƙauyuka ana raba magani. Ƙwayar ta ragu sosai, amma ba ta ƙare ba, da aka daina ta koma yadda take.

Baban Yusra: To allurar rigakafin da ake ta magana fa? In riguna sittin ne, wacce za ta kama?

Ɗan Lab: Ba ta bi ta kan rigunan ba sam. A ƙofa take tsayawa. Siraran nan da sauro ke tofawa suna da riga tasu daban, kuma su 'yan kaɗan ne, to in jiki na da makami a shirye kafin cizo, ana iya tare su kafin su kai hanta. Tun 1967 Ruth Nussenzweig ta nuna a ɓeraye cewa in aka raunana siraran nan aka saka wa jiki, yana koyon tare su. Alluran biyu da ake da su yanzu duk rigar siraran suke koya wa jiki: RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021, da R21 a 2023. A Najeriya R21 aka fara yi wa yara a Disamban 2024, a Kebbi da Bayelsa, sau huɗu ake yi. Ni a ganina ci gaba ne babba, amma kar a ɗora mata abin da ba ta ce ba. Sai makamin ya yi yawa ƙwarai a jini yake aiki, don lokacin tarewar gajere ne, kuma yana raguwa da watanni. Guda ɗaya ta kuɓuce ta shiga hanta, bayan sati ta zama dubbai. Tana rage yawan kwanciya da tsanani, ba ta sallami gidan sauro ba.

Anti Nas: Kuma kafin ta iso ko'ina, ga maganin da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar duk wata da damina. Na rana ta farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage uwa ake bar wa. Nan ake samun matsala, sai ka tarar da shi a kan firij har wata ya zagayo.

Maman 'Yan Biyu: Anti kamar kin leƙo ɗakina. Na watan jiya muna ta hidimar biki, na rana ɗaya kawai suka sha. Kunya ta ishe ni. Mun fito yanzu, an duba, maleriya ce. Sun ce jininsa bai yi ƙasa sosai ba, an ba mu na sha, ya sha na farko da madara bai amayar ba. Amma Husaina fa? Tabarma ɗaya suka kwana a Rigasa, ita ga ta nan tana tsalle a kan kujera.

Ɗan Lab: Alhamdulillah. Husaina kuma, ba kowane sauro ke ɗauke da ƙwayar ba, a cikin masu yawa kaɗan ne. Mai yiwuwa nata cizon na banza ne. Mai yiwuwa kuma tana 'yan kwanaki a bayansa. In kin san jinotayif ɗinsu ma (AA, AS ko SS) ya kyautu, don mai AS ba kasafai take yi masa tsanani ba, saɓanin mai SS da take iya kayarwa farat ɗaya. Kar ki raba mata maganin Hassan. Ki riƙa taɓa jikinta safe da dare har sati mai zuwa, da kin ji ɗumi ki kai ta a duba.

Anti Nas: Shi kuma Hassan, in ya fara amai ba tsayawa, ko ya kasa zama, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko jijjiga ko sau ɗaya, kar ki jira gari ya waye.

Kawu Na Tudun Wada: Allah ya ba shi lafiya. 'Yata, ki ce wa maigidan Kawu ya ce a ɗaura gidan sauron. Ni dai darbejiyata ba zan bari ba.

Baban 'Yan Biyu: Salamu alaikum. An tura min komai na karanta tun daga sama. Ni dai ban ce kar a ɗauki gidan sauro ba, cewa na yi babu inda za a ɗaura shi a tsakar gida.

Maman 'Yan Biyu: Akwai igiyar shanya har biyu.

Baban 'Yan Biyu: Anti, na biyun ƙarfe nawa za a ba shi? Ta ce ƙarfe ɗaya ya sha na farko.

Anti Nas: Bayan awa takwas, ƙarfe tara na dare kenan. Daga gobe safe da yamma. Ka saka ƙararrawa a wayarka, kai za ka tashe shi.